Makarantar Da Iyayenmu Suka Gina Da Gayya

Makon jiya na leƙa firamaren ƙauyenmu, na fito raina a ɓace. Aji biyu iska ta yaye musu kwano tun daminar bara. A na uku na tarar da yara zaune a ƙasa, kashin awaki a gefensu, malami ɗaya yana zirga-zirga tsakanin aji da aji. Ƙarfen tayar motar da ake bugawa a kira ɗalibai yana nan rataye a jikin darbejiya. Shi kaɗai na samu yadda na bar shi.

Makarantar nan fa ba daga sama ta faɗo ba. Kafin 1976, yaron ƙauyenmu sai ya taka har garin hakimi, inda hukumar En'e ta gina elementare. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a shekarar, dagaci ya sa aka yi shela, aka kira gayya. Maza suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, mata suka yi ta jidar ruwa daga rafi, wani dattijo ya ba da gonarsa kyauta. Mutanen da ake zargi da gudun boko, su suka yi wannan. Hedimastan farko ya rubuta komai a wani babban littafi, har sunayen waɗanda suka kawo azara. Na nemi littafin, maigadi ya miƙo mini abin da gara ta rage: bango da 'yan shafuka. Wallahi sai da idona ya ciko.

Kada wani ya ce mini babu kuɗi. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta ware wa ilimin matakin farko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason, sannan ta karɓa. Shekara da shekaru ana barin biliyoyin naira a jibge a Abuja saboda wasu gwamnoni sun ƙi cika wannan sharaɗi, alhali kuɗin gadar sama da jerin gwanon motoci ba ya yankewa.

Amma fushina ya fi yawa a kanmu, mu da muka fito daga ajin nan. Shehu Shagari a elementaren Yabo ya fara, ya kai ga shugabancin ƙasa. Namu ma sun zama daraktoci da manyan 'yan kasuwa. 'Ya'yansu suna makarantun kuɗi a birni, su kuwa sai sallah ta kawo su, su wuce ta gaban kangon makarantar, gilashin mota a rufe. Iyayensu da ba su iya rubuta sunansu ba sun fi su sanin darajar wurin.

Damina ta ƙarato. Duk wanda ya koyi abacada a ɗakunan nan, ya kawo kwano da ƙusa kafin ruwan farko ya sauka, sannan mu ɗunguma zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma mu nemi malamai.