ZAURE YA KOMA CIKIN WAYA

Jama'a, a Musawa da ƙasar Malumfashi yau da wuya ka sami malamin makaranta wanda ba shi cikin wani zauren WhatsApp. Can ake tambayar tsarin darasi, can manoma ke shawarar takin masara da maganin tsutsar auduga. To, ilmi ake samu ko kuwa surutu? Tambaya ce wadda masana suka daɗe suna bincike a kanta, mu ma ta shafe mu.

A 1991 waɗansu masana biyu, Jean Lave da Etienne Wenger, suka buga littafi a kan koyo ta hanyar cuɗanya. Ita Lave ta zauna da teloli a Laberiya, ta ga yaron shago ba da yanka yake farawa ba. Guga yake yi da sa maɓalli, yana kallon maigida, sa'an nan ya hau keke, yanka kuwa sai daga ƙarshe. Watau zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Saboda haka wanda ya yi shiru cikin zauren waya kada a ce ba ya koyo, gama mai yiwuwa yana matakin guga ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Zamanin Yaƙi da Jahilci, sa'ad da aka kafa NORLA a Zariya a 1954, jaridar Himma ta Lardin Katsina a zaure ake karanta ta, mutum guda ya karanta, sauran su saurara.

Amma fa akwai bambanci babba. A shagon tela kowa ya san maigida, ya ga ɗinkinsa. A waya kuwa gwani da ɗan koyo murya ɗaya gare su. In wani ya faɗi awon maganin feshi ba daidai ba, mai gona ke hasarar damina. Kuma zauren ba a hannunmu yake ba: a Satumba 1921 babu shi, a Satumba 2021 kuwa, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtuwa da Malumfashi, rufe shi aka yi dare ɗaya.

Don haka shawararmu ga masu bincike uku ce. Kada su ƙidaya saƙonni su ce sun auna ilmi. Su je aji da gona su ga abin da ya sake. Su nemi iznin mutane, su sakaya sunayensu, don a ƙasar da ake tsoron masu kai rahoto ga 'yan bindiga, suna yana iya jawo wa mutum hasarar rai. Su kuma lura da waɗanda ba su da waya, musamman mata.

Mu kuwa malamai, lalle mu shiga, mu gyara kuskure a gaban kowa, da saƙon murya don marasa boko. Allah ya sa mu dace.