Haƙƙin Bayi a Kan Masu Adana Tarihin Kabi

Duk wanda ya ziyarci Gidan Tarihin Kanta a Argungu, ko ya tsaya a kufan Surame yana mamakin ganuwarta, zai dawo da sunayen sarakuna da jarumai a bakinsa, alhali kuwa waɗanda aka kamo a fagen fama, aka kai su rinji ko kasuwa, babu mai ambatonsu ko da a ƙarshen zance. Tun daga 1849, sa'ad da Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi, har zuwan Turawa, Kabawan Argungu da Augie suna ɗauki-ba-daɗi da Gwandu da Sakkwato, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, kowane ɓangare kuma yana komawa gida da bayi. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta waɗanda aka haifa bayanta kawai, ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. Ashe al'amarin bai wuce zamanin kakanninmu ba.

Waɗansu al'ummai sun sauke nauyin tunawa da bayi. A gaɓar tekun Wida ta Jamhuriyar Benin an gina Ƙofar Rashin Komowa a 1995, haka nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa nata abin tunawa a harabarta a 2015. In wani ya ce addininmu bai yarda da sassaƙa surar mutum ba, gaskiya ya faɗa, sai dai tunawa ba ta wajabta gunki ba. Magina da marubutanmu sun isa su tayar da bango mai zane irin na fada a bakin Gulbin Kabi, a rubuta da ajami da boko abin da ya auku, a haƙa rijiya a gefensa domin ta zama sadakatul jariya. In kuma aka ji tsoron tonon asiri, to, kada a ambaci zuriyar kowa, domin abin kunyar ba na wanda aka kama ba ne.

Shehu Ahmad Baba na Tambutu, tun 1615, ya yi fatawa a kan haramcin bautar da ɗiyan Musulmi, saboda haka ba Bature ne ya fara koya mana wannan magana ba. Ya kamata Masarautar Argungu da Gwamnatin Jihar Kebbi su haɗa malaman tarihi da magina, su fara aikin tun dattawan da suka ji labarin daga bakin masu shi suna raye.