A Bar Wa Ungulu Gidanta Na Tsamiya

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Tamawa, ko Kurfi, ko Dutsin-Ma, ya san zamanin da ba a yanka dabba a kwata sai ungulu na wurin. Ranar kasuwa tun da hantsi za a gan su jere bisa katanga da rassan itatuwa, suna jiran abin da mahauta za su zubar. Idan jaki ya mutu a bayan gari, jewarsu a sama ce ke sanar da jama'a, shi ya sa Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza. A yau ɗalibin sakandare yana iya gama aji shida bai taɓa ganin ungulu ido da ido ba, sai dai ya ji sunanta a karin magana. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ɓacewar ungulu asara ce ga lafiyar jama'a, kuma hanya mafi sauƙi ta dawo da ita ita ce a tsare itacen da take sheƙa, a kuma ƙyale ta a lokacin da take kwanci.

Yadda Abin Ya Kai Haka

Ungulun da aka saba gani cikin gari ita ce wadda masana ke kira Necrosyrtes monachus. Wani masanin tsuntsaye ɗan ƙasar Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu cin nama a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, sa'an nan ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar ungulun gari ta ragu da kusan rabi, manyan danginta kuwa irin su maiki sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 a wajen gandayen daji. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sanya ungulun gari a rukunin da ke bakin ƙarewa.

Dalilan suna da yawa. Akwai gubar da ake barbaɗa wa mushe don kashe karnuka ko kuraye, ungulu ta ci ta mutu. Akwai kuma fataucin kanta da ƙafafunta da ƙwanta ga masu neman asiri, wanda ya sa a farkon shekarar 2020 aka kashe ungulaye fiye da 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau. Amma tambayar da ta kamaci ɗalibin kimiyya ita ce, me ya sa ungulu ta kasa jure wannan kisa, alhali shekara da shekaru ana farautar zabin daji da kurciya ba su ƙare ba?

Ƙwai Ɗaya A Shekara

Amsar tana cikin sheƙa. Zabuwar daji tana saka ƙwai goma ko fiye, 'ya'yanta kuma shekara guda ta ishe su su fara nasu. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara. Ita da namijinta sukan yi kwancinsa kamar kwana 50, ɗan kuma yakan kwashe wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin fuka-fukansa su yi ƙwari, bayan ya tashi ma iyayen na ci gaba da ciyar da shi na wasu watanni. Shi kansa sai ya yi shekaru kafin ya isa haihuwa. Ke nan aikin shekara guda cur na ungulaye biyu ya rataya ne a kan ƙwai guda.

A yi lissafi na misali. A ɗauka wani gari yana da ungulaye 40, watau sheƙa 20. Ko da kowace sheƙa ta sami ƙwai, ba duka ne za su ƙyanƙyashe su rayu ba. A ce 10 suka tashi. Daga cikin goman nan wasu za su mutu kafin su balaga, kuma tsofaffi na mutuwa kowace shekara. Abin da ya rage da ƙyar yake cike gurbi. To, idan aka sare itatuwa uku masu sheƙa, aka ɗebe ƙwai huɗu, aka harbe manya biyar, garin ya shiga cin uwar kuɗi. Shekara goma ana haka sai a wayi gari babu ko ɗaya, ba tare da wani ya ga ranar da suka ƙare ba.

Wani abin lura shi ne lokacin. A Afirka ta Yamma ungulu tana haihuwa ne daga kaka zuwa ƙarshen rani, a can ƙololuwar manyan itatuwa irin su tsamiya da ɗorawa da gawo da maɗaci da kuka, kuma takan koma sheƙa guda shekara bayan shekara. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da aikin gona ya ƙare, masu itacen girki da gawayi suka shiga daji, makiyaya ke sassare rassa don dabbobi, 'yan farauta kuma suka fito da karnuka da wuta. Ba sai an kashe uwa ba. Ya isa a kore ta daga kan ƙwai na 'yan sa'o'i cikin sanyin hunturu ko zafin bazara, ko a bar wa hankaka dama, shekararta ta lalace.

Darasi Daga Bakin Teku

Mai karatu zai iya cewa abin da ya tafi ya tafi. Tarihin wata dabba a wata nahiya ya nuna ba haka ba ne. A gaɓar tekun Birtaniya akwai dabbar ruwa mai shayarwa da Turawa ke kira sil mai ruwan toka. A siffa ta ɗan yi kama da ayu na kogin Kwara da Binuwai, sai dai ita kifi take ci, kuma dole ta fito tudu idan za ta haihu. Kamar ungulu, ɗa ɗaya take haifa a shekara, kuma sai ta kai shekara huɗu zuwa shida take farawa. Jaririn yakan zo da nauyin kilo 14, cikin farin gashi wanda bai dace da iyo ba. Uwar takan shayar da shi kamar kwana 18 kawai da nono wanda fiye da rabinsa mai ne, ita kuwa ba ta cin komai, har nauyinsa ya ninka sau uku. Idan mutum ko kare ya firgita ta a cikin kwanakin nan ta faɗa ruwa, jaririn na iya rasa nonon da zai raya shi, wani lokaci ma ta yashe shi gaba ɗaya.

Mafarauta sun gane cewa a wurin haihuwa ne dabbar ba ta da mafita, don haka can suke binta saboda fata da mai. A farkon ƙarni na 20 an ƙiyasta waɗanda suka rage a Birtaniya ba su wuce 500 ba, ko da yake masana na baya sun ce sun ɗara haka. A shekarar 1914 majalisar ƙasar ta kafa doka ta hana kashe su daga 1 ga Oktoba zuwa 15 ga Disamba, watau lokacin haihuwa. Aka ƙarfafa dokar a 1932 da 1970. A yau sun haura 120,000, fiye da sulusin duk na duniya. A wani tsirin yashi mai suna Blakeney Point a gabashin Ingila, jarirai 25 aka ƙirga a 2001; a 2019 sun zarce 3,000, masu gadi kuma suna hana 'yan kallo da karnuka kusantarsu a watannin haihuwa.

Abin dubawa a nan shi ne dokar farko ba ta hana farauta duk shekara ba. Wata biyu da rabi kawai ta tsare. Dabba mai jinkirin haihuwa tana saurin ƙarewa, amma idan aka ba ta lafiya a wurin haihuwarta da lokacinta, takan farfaɗo a hankali.

Me Ya Dami Mutum Da Ungulu?

Wasu za su ce ga rashin tsaro a kewayen Dajin Rugu, ga tsadar abinci, wa ke ta tsuntsuwa mai cin mushe? Ƙazantar da ake ƙyamarta da ita, ita ce aikinta. Ruwan cikin ungulu yana da tsananin tsami da ke kashe akasarin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, kuma garkensu na cinye mushe kafin ƙudaje da ɓeraye da karnuka su taru. Indiya ta ɗanɗana rashinsu. Daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda maganin diclofenac da ake yi wa shanu, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen. Kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, tare da haɗarin ciwon haukan kare. Yankin da ke da shanu da tumaki da kasuwannin dabbobi kamar tsakiyar Jihar Katsina bai kamata ya jira irin wannan ba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Doka tana nan a takarda. Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta taƙaita fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Amma jami'in gandun daji ba zai kwana a gindin kowace tsamiya ba. Abin da zai yi aiki shi ne abin da Bahaushe ya riga ya sani. Shamuwa takan zo da farkon damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ba mai jifanta, ba mai taɓa ƙwanta, domin tun yaro yana ƙarami aka kwaɓe shi. Babu ɗan sanda a wurin, al'ada ce ke gadi. Irin wannan alfarma ungulu ke bukata daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Na farko, malaman kimiyyar halittu a makarantun sakandare na Kurfi da Dutsin-Ma su sa ɗalibai aikin ƙirga: a tambayi dattawa da mahauta inda ungulu ke sheƙa a da, a duba ko akwai saura, a rubuta sunan itacen da wurinsa da ranar da aka gani. A tsaya nesa, kada a hau, kada a yi hayaniya, kuma kada a bazu da labarin wurin ga kowa, don kada ƙirgar ta zama jagora ga mai neman ƙwai. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna da masanan da za su iya tattara bayanan.

Na biyu, hakimai da dagatai da masu unguwanni su yi shela cewa duk itacen da ke ɗauke da sheƙar ungulu ba a sare shi, ba a sassabe rassansa, ba a kunna wuta a ƙarƙashinsa sai ɗan ya tashi. Ko inda ba ta sheƙa a yanzu, a bar manyan tsamiyoyi da ɗorawa a tsaye, domin tsuntsuwar da ta dawo ba ta sauka a kan kututture.

Na uku, Sarkin Fawa da shugabannin kasuwa da na masu maganin gargajiya su haɗa kai a daina shimfiɗa kan ungulu da ƙwanta, makiyaya da manoma kuma su daina sa wa mushe guba.

Kada a yi tsammanin sakamako cikin shekara ɗaya ko biyu. Sil ta Birtaniya ta ɗauki shekaru gommai, kuma mai ƙwai ɗaya a shekara ba ta da hanyar gaggawa. Amma ɗalibin da ya fara ƙirga a bana yana iya zama malamin da zai nuna wa ajinsa ungulu tana jewa a kan kasuwar Dutsin-Ma. Allah Ya sa a gane tun da sauran ƙwai a sheƙa.