Uwargida, Sa Baki a Cinikin Ƙarfen Motsa Jiki

Yau maganar ƙarfe na kawo muku, kuma na san wata za ta ce ina ruwan shafin mata da ƙarfe, ai wannan sha'anin samari ne. To, dakata tukuna. Duk wadda ta ke da ɗa ko ƙane da ya fara tasawa a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ta san abin da na ke nufi. Yaro ya kai shekara 15 ko 16, ya ga ƙirar 'yan ƙwallo da 'yan dambe a waya, sai ya samo gwangwanin fenti biyu ya cika su da siminti, ya soka bututun ruwa a tsakani, yana ɗagawa safe da yamma a bayan ɗaki. Wanda ya ɗan sami kuɗi kuwa sai ya nufi gareji, ya kwaso tsofaffin ƙarafan mota a haɗa masa wurin mai walda. A ganina abin ya ƙaru tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero cikin 2006, domin yaranmu suna koyi da ɗalibai.

Ni dai ba na goyon bayan a hana su. Yaron da ya ke ɗaga ƙarfe a tsakar gida kina kallonsa ya fi wanda ba ki san inda ya ke ba bayan magariba. Amma fa ƙarfen nan a gidanki zai kwana, ƙananan 'ya'yanki ne za su yi rarrafe kusa da shi, kuma sau da yawa daga adashinki ko ribar ƙuli-ƙulinki za a cika kuɗin sayensa. Saboda haka kina da bakin magana a kan irin wanda za a shigo da shi. Abin da na ke ba ki shawara a kai shi ne faya-fayan ƙarfen zubi, watau baƙin ƙarfen nan da a ke narkarwa a zuba cikin mazubi, irin na dutsen gugar gawayi da ƙafar keken ɗinki. Zagayayyu ne kamar faifai, da huda a tsakiya inda sanda ke shiga, an kuma rubuta nauyin kowane a jikinsa.

Me ya sa ba siminti ba, alhali kuwa ya fi araha? In girmansu ɗaya, ƙarfe ya ninka siminti wajen sau uku a nauyi, watau kilo 10 na siminti ƙaton dunƙule ne mai wuyar riƙo. Wannan ma da sauƙi. Babban aibinsa shi ne ba wanda ya auna shi, gwangwanin dama ya fi na hagu nauyi, yaro yana ɗagawa ƙugunsa yana karkata, shi kuwa bai sani ba. Sa'an nan siminti kan tsage ta inda bututu ya shiga, ran da zai saki kuwa ba ya sallama. Garin Aliero ya yi suna a kan albasa da kuma ɗori, har daga nesa a kan kawo masu karaya. Allah ya saka wa masu ɗorinmu da alheri, amma ban ga dalilin da zai sa mu riƙa ƙera musu aiki da hannunmu a tsakar gida ba.

In za a saya, ko a kanti ne ko a wurin 'yan gwanjo, abu na farko a dubi rubutun. Wani faifan da kilo aka rubuta shi, za ki ga KG, wani kuma da laba, za ki ga LB, musamman kayan gwanjon da suka fito daga Amurka. Kilo 1 daidai ya ke da laba 2.2, don haka faifai mai lamba 10 na laba kilo 4 da rabi ne kawai, kada a sayar muku da shi a kuɗin kilo 10. Ko na kilon ma ba a cika yarda da rubutun ba, domin mai araha kan ɗara ko ya gaza abin da aka rubuta. A ɗora shi bisa sikeli. In babu na kaya, yaro ya hau sikelin awon mutum shi kaɗai, ya sake hawa riƙe da faifan, a ɗebe na farko daga na biyu. Lissafin 'yan aji uku ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne biyun da za su zauna dama da hagu su zo daidai da juna.

Sai huda. Iri biyu ne suka fi yawa, akwai mai faɗin inci 1, watau wajen milimita 25, akwai kuma mai inci 2, milimita 50, irin na masu gasa. Faifan wannan ba ya zama a sandar wancan, ko dai ya ƙi shiga, ko ya yi ta lilo. A tafi da sandar kasuwa, ko a aro rular 'yan makaranta. Na gida dai mai ƙaramar huda ya isa, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Sandar 'yan gasa ita kaɗai kilo 20 ce, tsawonta ya wuce mita 2, a wane ɗakin za a juya ta? Kada kuma a baro kasuwa ba tare da makarin da ke riƙe faifai a bakin sanda ba. Ƙusa ko tsumma ba makari ba ne.

Akwai gwaji guda wanda mu mata muka fi maza iyawa. Yadda ki ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwar Jega ki ji ko ta tsage, haka a ke yi wa ƙarfen zubi. A rataya shi da igiya, a buga masa cokali. Lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ya ce ƙwas ya yi shiru. Tsatsa ba ta tsorata ni, a kankare ta a shafa fenti, shi ke nan. Sabon fenti mai kauri a kan tsohon ƙarfe shi ne abin tuhuma, domin ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa ya ke yi, kuma waldarsa ba ta cika riƙewa ba. Waɗansu faya-fayan kuma roba ce mai sheƙi aka cika da siminti ko yashi, da sun sha ranar bazara sai su dare.

Yanzu ga inda za ku yi gardama da yaron. Shi manya biyu ya ke so, masu kilo 20, don abokai su gani. Ki tsaya a kan ƙanana. In kilo 40 kuɗin zai saya, a ɗauki biyu na kilo 10, biyu na 5, biyu na 2.5, da huɗu na 1.25. Nauyin ɗaya ne, amma da wannan zai fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa sannu a hankali, wanda haka jiki ke yin ƙarfi ba tare da targaɗe ba. Zancen da a ke yi wai ɗaga ƙarfe yana hana yaro tsawo, likitocin yara ba su yarda da shi ba. Abin da su ke gargaɗi a kai shi ne nauyin da ya fi ƙarfin yaro, da kuma ɗagawa ba babba a kusa.

Ina da wani dalili na son ƙananan nan, ba kuwa zan ɓoye shi ba: ke ma za ki amfana da su. 'Yan'uwanmu na ƙauyukan Maiyama da har yanzu su ke daka, su ke ɗauko jarka mai lita 25 daga rijiya, watau kilo 25 ke nan, ba su bukatar faifan kowa, hutu su ke bukata. Da mu na ke, matan cikin gari, waɗanda injin niƙa ya karɓe mana taɓarya, muna wuni a zaune bisa keken ɗinki ko kujerar ofis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin 2020 cewa kowane baligi, mace ko namiji, ya kamata ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Mu muka fi bukata, domin ƙashin mace kan yi rauni bayan al'ada ta ɗauke, ɗaukar nauyi daidai gwargwado kuwa yana taimaka masa. Masu cewa zai mai da mace ƙirar namiji, faifan kilo 2 da rabi ba ya wannan aiki. Ba kuma baƙon abu ba ne ga matan ƙasar nan, Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Nijeriya lambar azurfa a ɗaga ƙarfe a wasannin Olamfik na Sidni cikin 2000. Ke ba gasa za ki ba, a ɗakinki za ki yi, ƙofa a rufe. Mai ciki, da mai jego, da mai hawan jini, da wadda aka yi wa tiyata, su fara tambaya a asibiti tukuna.

In ƙarfen ya shigo gida, a shimfiɗa katako ko tsohuwar taya inda za a riƙa sauke shi, don kada ya fasa daɓe ko shi kansa ya fashe. Da damina a goge shi da tsumma mai ɗan baƙin mai. Kada a jingina faifai a bango, a kwance a ke ajiye shi, cikin ɗakin da mai rarrafe ba ya shiga.

Sai wani makon, in Allah ya kai mu.