Babur Ɗina, Littafin Garanti, da Ƙaryar da Aka Ce In Yi



'Yan uwana matasa, maganar yau daga gareji na ɗauko ta, don haka a yi haƙuri da warin fetur.

Na sayi sabon babur a kwali, aka haɗa shi a gabana, aka miƙo mini rasit da wani ɗan littafin garanti. Kamar yadda akasarinmu muke yi, na cusa littafin ƙarƙashin katifa ban karanta ko shafi ɗaya ba. Mako shida babur yana lafiya lau. A na bakwai, ana tsakiyar hunturu, sai ya tsiro da wata ɗabi'a: muddin ina tafiya ba abin da ke damunsa, amma da zarar na saki totur na tsaya, sai ƙarar injin ta yi ƙasa-ƙasa, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Wanda ya taɓa shiga cunkoson Kantin Kwari da la'asar ya san ma'anar wannan. Masu Adaidaita Sahu suna danna maka oda ta baya, kai kuwa kana ta buga kik, gumi na karyo maka a cikin sanyi. Wata Juma'a har raka'ar farko sai da ya sa na rasa.

Makanikai suna kiran wannan yanayi silo, wato inji yana aiki amma ba a murɗa totur ba. Injin ƙananan babura irin namu yana juyawa wajen sau 1,400 a minti guda idan yana silo, kuma a wannan lokacin ne ya fi kowane lokaci rauni. Fetur ba ya ƙonewa da kyau sai ya gauraya da iska a kan ma'auni, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi, kuma kafireta ce ke yin wannan awo. Idan kana gudu, fetur yana bi ta babban jet. Idan ka tsaya, ƙofar iska ta kusa rufewa, sai ya koma bi ta wani ƙaramin jet wanda raminsa bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar tsatsa guda, ko ɗigon ruwa, ya isa ya toshe shi. Wannan ne sirrin babur da yake zaki a kan titi, amma ya zama gawa a bakin danja.

Daga baya na gane akwai abubuwa da dama da mai babur zai iya dubawa da kansa ba tare da ya kwance masa ciki ba. Idan inji ya yi zafi, ka ɗan ja cok kaɗan. In silon ya gyaru, to fetur ne ya yi masa kaɗan, ko dai ƙaramin jet ya toshe, ko kuma iska tana sato hanya ta wani wuri. Ka cire fulogi ka dubi bakinsa: launin ƙasa-ƙasa lafiya ce, baƙi mai kunkunniya yana nufin fetur ya yi yawa, kuma a hunturu matatar iska ce ta fi jawo haka idan ƙura ta cika ta, fari fat kuwa yana nufin fetur ya gaza. Idan sai ka yi 'yar tafiya yake mutuwa, kuma kana buɗe murfin tanki ka ji ya ja iska, to ɗan ramin numfashin murfin ne ya toshe. A gindin kofin kafireta akwai ɗan noti na tsiyaye mai. Ka tara farar kwalba, in da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Kada a raina wannan. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Nijeriya har hukuma ta amsa da bakinta, balle kuma na galan da muke saya wurin 'yan bumburutu. Idan kuwa babur yana tashi da safe lafiya, sai ya yi zafi ya fara mutuwa ya kuma ƙi tashi, a tuhumi bawul: tazarar da ake bar masa ba ta wuce kaurin takarda ba, idan ta tsuke matsin injin ya zube. Wannan na ƙarshe aikin gareji ne.

Duk wannan ban san shi ba a lokacin. Abin da na yi shi ne abin da kowa yake yi: na tura babur wurin wani bakanike na bakin titi a unguwarmu, yaro mai hankali da ladabi. Ya murɗa notin silo, ƙarar inji ta ɗaga, ya ce an gama. Ashe rufe ciwon aka yi da tsumma. Na yi mako biyu ina hawa a haka, babur yana kuka kamar ana yanka shi, yana shan mai, giya tana shiga da ƙara. Da ya koma mutuwa, sai yaron ya kwance kafiretar gaba ɗaya ya wanke, garin mayarwa ya yaga siririyar robar da ke hana kofin yoyo. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. A daren ne na zaro littafin daga ƙarƙashin katifa, na ga an rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk abin da aka kwance a wajen garejin dillali ya fita daga garanti.

Da safe na gaya wa yaron. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan ba komai ba ne. Zan goge maka ita tas, in mayar da notin inda yake. In sun tambaye ka, ka ce ba wanda ya taɓa shi. Kowa haka yake yi."

Ba zan ɓoye maka ba, ya ɗan uwana mai karatu, maganar ta shige ni. Na kwana ina kafa wa kaina hujjoji, kuma hujjojin ba na banza ba ne. Na ce ai ciwon ya riga kwancewar zuwa, don haka ƙaryar ba za ta ba ni abin da ba nawa ba. Na ce kamfani ne mai dukiyar da ba ta ƙirguwa, roba ɗaya ba za ta girgiza shi ba. Na ce su ma dillalan ai ba waliyyai ba ne. Na san samari masu sahun farko a masallaci, waɗanda ba za su ɗauki naira biyar ta maƙwabci ba, amma suna cire wayar mita don kada kilomita ta nuna sun wuce lokacin sabis, suna kuma tsoma waya a ruwa su rantse haka kawai ta ɗauke. A zuciyarmu mun ware wani aji na ƙarya mun sa masa suna wayo, saboda wanda ake yi wa ita ba shi da fuska.

Ra'ayina shi ne wannan aji babu shi. Littafin garanti alkawari ne, kuma Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawuran ƙulla yarjejeniya ta buɗe, ba ta ware na mai kuɗi ko na wanda ba Musulmi ba. Masu cewa garanti baƙon abu ne da shari'a ba ta san da shi ba, su sani Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC, a zamanta na 11 a birnin Manama na Bahrain cikin 1998, ta tabbatar da halaccin a sharɗanta wa mai sayarwa gyaran kaya na wani lokaci sananne a cikin ciniki. To idan sharaɗin da ya ba ni haƙƙi ingantacce ne, sharaɗin da ya ɗora mini nauyi ma ingantacce ne. A shafi ɗaya aka buga su. Kowa ya san ƙissar da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA), ta mai sayar da hatsin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibinsa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. Kullum idan muka ji wannan ƙissa, ɗan kasuwa muke hangowa. Amma wanda ya goge kafireta don kada a ga sawun sukuddireba, me ya yi in ba ɗora busasshe a kan jiƙaƙƙe ba? Batun cewa ciwon ya riga kwancewa kuwa, gaskiya ne, sai dai hujja ce da zan gabatar a fili a auna ta, ba lasisin yanke wa kaina hukunci a ɓoye ba. Kuma ƙaryar tana da fuskar da take faɗawa a kai: bakaniken dillali da zai ɓata yini yana neman ciwo a inda ba ya nan, da mai saye na gaba, mai gaskiya, wanda za a kalla da idon zargi saboda irina.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai wata cuta ta biyu da ta fi ta farko yawa a cikinmu, ita ce barin haƙƙi da sunan haƙuri. Mutum ya tara kuɗin shekara biyu ya sayi abin hawa, ya fito da aibi, a nuna masa rubutun da ke gindin rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, sai ya ce ƙaddara ce, ya juya. Imani da ƙaddara bai taɓa hana neman haƙƙi ba. Manzon Allah (SAW) ya ba wanda ya sayi dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye zaɓin kwana uku, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Bukhari da Muslim duk sun kawo asalin wannan hukunci. Malamanmu na Malikiyya sun yi babi guda a kan mayar da kaya saboda aibi, kuma ba su yarda sharaɗin kuɓuta ya rufe aibin da mai sayarwa ya sani ya ɓoye ba. Ko dokar ƙasa ba ta bar mu a baya ba: dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da suka gaza, a gyara, ko a canza, ko a biya shi. Duk wanda ya yi shiru, dillali yake koya wa cewa shirun ne ƙa'ida.

Wata mas'ala a Mukhtasar na Shehu Khalil ta ba ni kunya ƙwarai da na tuna ta. Wanda ya ga aibi a dabbar da ya saya, sannan ya ci gaba da hawanta, ana ɗaukar hawan a matsayin yarda, haƙƙinsa na mayarwa ya faɗi, sai fa irin matafiyin da larura ta tilasta masa. Ni kuwa mako biyu na yi ina hawa da ciwo a rufe, ba a daji nake ba, garejin dillali bai fi tafiyar minti ashirin daga gidana ba. Magabata sun san cewa jinkiri yana cakuɗa tsohon aibi da sabo har a kasa rabewa.

Ranar Litinin na kai babur, da rasit, da littafin da aka buga wa hatimin sabis na farko, da ɗan bidiyon da na ɗauka a waya yana mutuwa da zafinsa. Na gaya wa mai kula da garejin komai, har da robar da aka yaga. Bai bari na rufe baki ba ya ce, "Ai shi ke nan, Malam, garantinka ya ƙone."

Na ce, "Alhaji, da na so ɓoyewa da ba ka ji daga bakina ba. Abin da aka kwance na ɗauki nauyinsa. Amma ciwon yana nan kafin a kwance, yana nan bayan an wanke. A duba a gani. In daga kafireta ne, ni zan biya har ladan dubawa."

Ya ce in dawo jibi. Na dawo, ya ce wanda zai duba ya tafi ɗaurin aure. Na sake dawowa, wannan karon da takarda a rubuce mai kwanan wata, na roƙi a sa mini hannu a kofi ɗaya in riƙe. Ban ɗaga murya ba, ban kuma yi barazana ba, amma na lura takardar ta yi abin da zuwa uku bai yi ba. Aka kira wani dattijon bakanike. Ya tayar da babur, ya bar shi ya yi zafi, ya ɗan fesa maganin wanke kafireta a jikin robar da ke haɗa ta da kan inji, nan take ƙarar ta canza. Ya haska da tocila: ga tsaga nan siririya ta ƙasan robar, inda ido ba ya kai wa, tana buɗewa idan ta ji zafi, iska tana shiga ba bisa awo ba. (Kada wani ya gwada wannan fesawa kusa da salansa mai zafi ko wuta, abin yana kamawa.)

Ba zan ce maka faɗar gaskiya ta sa an yi mini rangwame ba. Sun canza robar a kan garanti, amma na biya kuɗin wadda yaron unguwarmu ya yaga, na biya ladan sake saita kafireta, aka kuma rubuta a littafina cewa ita kafiretar ta fita daga garanti har ƙarshen wa'adi. Kwana 11 babur ya yi a wurinsu kafin kayan su iso, ni kuma ina bin Adaidaita Sahu. Da na bi shawarar yaron, wataƙila da ko sisi ban kashe ba.

Da na karɓo shi na biya ta wurin yaron. Ya saurari silon, ya durƙusa ya leƙa sabuwar robar, ya ce in nuna masa daidai inda tsohuwar ta tsage. Na nuna masa. Ya ce akwai wani babur a bayan rumfarsa mai irin wannan tari, sau biyu yana wanke masa kafireta, bari ya je ya duba.