MAI ALADE YA KILLACE ABINSA

Daga Wakilinmu

Al'ada ce tsohuwa a ƙasar nan, da zarar shuka ta tsira sai mai unguwa ya sa a yi shela kowa ya ɗaure akuyarsa da tunkiyarsa. Amma akwai dabbar da wannan doka ba ta cika kamawa ba, watau alade. A kudancin Jihar Kaduna, da Filato, da Binuwai, da ƙasar Numan, gidaje masu yawa sun dogara da kiwonsa wajen biyan kuɗin makaranta da na asibiti, kuma kasuwar Katsit da ke Kafanchan ta shahara har fatake daga kudu suna zuwa saye. To, da yake mai wannan kiwo yana zaune ne tare da maƙwabtan da addininsu ya haramta musu dabbar, tilas ne a dubi yadda ake tsare ta.

Ɓarnar aladen da aka sake ta wuce ta akuya, domin shi haƙa yake yi. A dare ɗaya garke kan tone kunyoyin rogo ko gwaza, ya dagula bakin rijiya, ya kutsa gidan da ba a son ganinsa. Daga nan sai ƙara gaban dagaci, wani lokaci ma a kashe dabbar, magana ta zama gaba tsakanin unguwanni.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya shafi har wanda bai taɓa kusantar naman ba. Aladen da ke yawo yana cin kashin mutane a bayan gari, ya ɗauki ƙwan tsila. Wanda ya ci naman bai dahu sosai ba sai tsilar ta girma a cikinsa, ƙwanta kuma ya bi bayan gidansa ya shiga ruwa da ganye. Duk wanda ya haɗiyi ƙwan nan yana iya samun tsutsar a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da dama inda cutar ta yi katutu, kimanin kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya daga nan suka samo ta. Shi kansa mai kiwon ba ya tsira, gama yawo ne ke haɗa garkensa da na wasu. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Nijeriya a 1997, ya sake hallaka dubban aladu a gonar Oke-Aro kusa da Ikko a 2020.

Masu kiwo kan ce alade ba ya tsaruwa. Zana ba ta tare shi, katangar ƙasa yakan tone gindinta, ginin bulo kuwa ya fi ƙarfin mai aladu 5 ko 6. A nan ne shingen lantarki yake da amfani. Dabarar ta daɗe: tun cikin shekarun 1930 wani manomi a ƙasar Nuzilan, Bill Gallagher, ya ƙera irinsa don hana dokinsa goga jiki a motarsa. Wata ƙaramar na'ura ce ke karɓar wuta daga batir mai bolt 12, ta riƙa harba ta cikin waya kamar sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Wutar takan kai bolt dubbai, amma kowane bugu bai kai ƙiftawar ido ba, saboda haka dabba ta ji zafi ta ja da baya ba tare da rauni ba. Faifan hasken rana guda ya isa ya riƙa cika batir, ko da ƙauyen ba shi da wuta.

Sai dai aikin yana son kula. Akan ja waya 2, ta ƙasa kamar inci 6 zuwa 8 daga ƙasa, daidai hancin dabbar, ta sama kuwa kamar ƙafa 1 ko ƙafa 1 da rabi. Aladen da bai san waya ba, in ta buge shi gaba yake zabura, don haka a fara horar da shi a ɗan garka mai katanga bayan wayar, har ya gane. Da damina a riƙa sare ciyawar da ke taɓa waya, domin tana shanye wutar. Da rani kuwa busasshiyar ƙasa ba ta mayar da wuta sosai, sai a kafa ƙarfen ƙasa da zurfi, a riƙa jiƙa gindinsa. Kowace safiya a kwashe ƙasar da aladu suka turo kan wayar.

Gargaɗi mafi girma shi ne kada wani ya yi gigin haɗa wayar shinge da wutar gida kai tsaye don gudun sayen na'ura. Wutar gida ba ta sakin wanda ta kama, tana iya kashe yaro nan take. Haka kuma shinge ba ya hana cuta shiga ta takalmin baƙo ko ta sauran abincin da aka kwaso daga wani wuri.

Muna kira ga ma'aikatun gona na jihohi su sa malaman gona su kafa irin wannan shinge na gwaji a ƙauyukan da ake kiwon, tare da shawarar likitocin dabbobi na Vom. Ƙananan hukumomi su taimaka wa ƙungiyoyin masu kiwo da rancen na'ura, su hukunta mai haɗa waya da wutar gida, sa'an nan su ci tarar wanda ya saki aladensa. In an nuna wa mutum hanyar da aljihunsa zai iya ɗauka, ba shi da sauran hanzari ranar da aka kama dabbarsa a gonar maƙwabci.