Jiragen dakon kaya: a sa sikeli a bakin fili

Ranar 30 ga watan Agusta na 2014, wani jirgin dakon kaya samfurin Antonov 12 na wani kampanin Ukren ya tashi daga Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya, ya nufi Malabo. Bai yi nisa ba ya faɗo cikin duwatsu, ma'aikatansa 7 suka hallaka. Wata biyu kafin nan, ranar 2 ga Yuli, wani Fokker 50 ɗauke da ganyen kat zuwa Mogadishu ya faɗo kan wani gini jim kaɗan bayan tashinsa daga Nairobi, mutum 4 suka riga mu gidan gaskiya. Tun da ba fasinja a ciki, labarin bai kwana biyu a bakin jama'a ba.

Filayen nan biyu a kan tudu suke: na Tamanrasat ya kusa mita 1.400 bisa teku, na Nairobi ya haura 1.600. A irin wannan tsawo iska ba ta da kauri, zafin rana kuma ƙara tsinka ta yake yi. Fiffike ba ya samun abin dogara sosai, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. A Tamanrasat, in zafi ya kai digiri 36, jirgi yana tashi ne tamkar daga filin da ke mita 2.500. Sai ya ƙara gudu a ƙasa, in ya ɗaga kuma hawansa a hankali ne. Idan inji guda ya mutu a wannan lokaci, ba sauran rara. Haka ta faru a filin nan a watan Maris na 2003, da jirgin fasinja na Air Algérie: inji ya lalace, jirgin na dab da iyakar nauyinsa, ba a naɗe ƙafafunsa ba, rayuka 102 suka salwanta.

Tudu da zafi ba a hannun kowa suke ba. Nauyi kuwa mutum ne ke rubuta shi a takarda, ya sa hannu. A nan ne gizo ke saƙa. Ɗan kasuwa na son kowane kilo ya shiga, kampani na son riba, matuƙin da aka ɗauko kwangila kuwa ya san in ya ƙi tashi, gobe wani za a kira.

Kada magabatanmu su ce abin na nesa ne. Agadas ba ta kai tsawon Tamanrasat ba, amma a bazara zafinta na wuce digiri 40, kuma filin jirginta na ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda ƙaramin jirgi ya faɗi da shi cikin tsaunukan Ayar a watan Disamba na 1995.

ASECNA zirga-zirgar sama take kula da ita, ba buhunnan da ke cikin jirgi ba. Wannan aikin hukumar ANAC ne. Muna kira gare ta da ta riƙa aiko jami'inta ya auna kayan da idonsa, ba ya buga hatimi kan takardar da kampani ya miƙo ba. Ta tilasta rage kaya ko jinkirta tashi har rana ta yi sanyi. Kuma kowane binciken haɗari a fito da rahotonsa fili, da Faransanci da harsunan ƙasa, domin iyalan ma'aikatan su karanta.